Wai an samo maganin da ƙwayoyin cuta ba za su taɓa sabawa da shi ba? A bi a hankali

Wani bidiyo aka turo guruf ɗinmu na WhatsApp, irin gajerun nan masu kiɗa a ƙasa da muryar kwamfuta, wai masana sun gano sabon magani a fatar kwaɗo wanda zai maye gurbin duk wani antibayotik da ke duniya, kuma wai ƙwayoyin cuta ba za su taɓa iya bijire masa ba har abada. Nan da nan aka cika wajen da Masha Allah da alamar tafi. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai, don wannan sabon maganin da ake ta murna a kai tun 1987 aka gano shi, ya girmi rabin 'yan guruf ɗin, kuma har yau ba ya kan kantar kowane asibiti.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu kada wani ya ɗauka adawa nake da ilimi. Ina goyon bayan binciken nan, kai ina ma ganin gwamnatoci ba sa zuba masa kuɗin da ya kamata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan kalma ta "ba za su taɓa ba". Ƙarya ce, kuma mai haɗari, saboda duk maganin da aka ce wa mutane ba ya mutuwa to shi za a fi yi wa amfanin banza. Duk wanda ya tsallake gwaji a cikin waɗannan magunguna a gindaya masa sharaɗi tun ranar farko: ba zai shiga abincin dabbobi ba, ba za a sayar da shi ba takardar likita ba.

Mene ne ma abin?

Maganin kwaɗon nan feftayid ne. Feftayid ɗan guntun furotin ne, jerin amino asid ne (tubalan da ake gina furotin da su) da yawanci ba su wuce 50 ba. Kusan duk wani mai rai yana ƙera irin nasa don kare kansa daga bakteriya: ƙwari, kwaɗi, tsirrai, shanu, har mu. A gumin mutum akwai, a yawu akwai, a cikin fararen ƙwayoyin jini akwai. Su kansu bakteriyan suna ƙera nasu don kashe junansu.

Yadda yake aiki ne ya sa masana suka ƙwallafa rai a kansa. Yawancin feftayid suna ɗauke da cajin lantarki na fozitib, fatar bakteriya kuma nagatib ce, sai su manne mata su huda ta, abin cikinta ya tsiyaye ta mutu. Antibayotik na yau da kullum kamar mai riƙe da makullin ƙofa ɗaya ne, ranar da mai gida ya canza makulli shi kenan ya tashi a banza, shi kuwa feftayid katangar gidan yake fasawa, kuma canza katanga gaba ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Daga nan maganar "ba za su saba da shi ba" ta samo asali. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, wahalar ta fi yawa. Amma wahala daban, gagara daban.

Shi labarin kwaɗon kuwa gaskiya ne, kuma yana da daɗi. Michael Zasloff, wani likita mai bincike a Amurka, yana yi wa wasu kwaɗin Afirka tiyata don ɗiban ƙwansu, ya ɗinke su ya mai da su cikin tankin ruwa mai datti, sai ya lura ciwon yana warkewa tas ba ya ruɓa. Ya bi diddigi har ya ciro abin da ya sa wa suna magainin. Kafin shi ma, a 1981, Hans Boman a Sweden ya ciro irinsa a jikin wani ƙwaro mai saƙar siliki. In aka ƙara komawa baya, tun 1939 René Dubos ya samo gramicidin daga bakteriyar cikin ƙasa, kuma Tarayyar Sobiyet ta yi amfani da ɗan uwansa gramicidin S wajen raunukan sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Kenan ba jiya aka fara ba.

"Ai shekaru miliyoyi suna aiki a jikin dabbobi ba su daina ba"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba hujjar banza ba ce. To amma mu duba yadda jiki yake amfani da su. Kwaɗo ba feftayid ɗaya yake fitarwa ba, tarin iri-iri yake saki a lokaci ɗaya, a daidai inda ciwon yake, na ɗan lokaci, ga kuma sauran garkuwar jiki tana taimakawa. Mu kuwa in muka samu magani ya muke yi? Ƙwara ɗaya tak muke ɗauka, mu buga ton-ton a masana'anta, mu ba miliyoyin mutane, wani ya sha rabi ya ji sauƙi ya ajiye, wani ya sha don mura wadda ba ma bakteriya ke kawo ta ba, ragowar ta bi fitsari da ruwan asibiti ta shiga kogi inda ta tsinke ta yi rauni, ba ta isa kashe ƙwayar ba amma ta isa koya mata darasi. Wannan yanayi bakteriya ba ta taɓa haɗuwa da shi a fatar kwaɗo ba.

Kuma an gwada. A 2006 masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka ɗauki pexiganan, wato maganin da aka ƙera daga magainin, suka riƙa ba bakteriya kaɗan-kaɗan suna ƙarawa, zuriya bayan zuriya, wajen zuriya 600 zuwa 700. Cikin rukunin bakteriya 24 da suka raina daban-daban, 22 sun daina jin maganin. Zasloff ɗin da kansa yana cikin waɗanda suka sa hannu a wannan binciken, abin da ya sa nake ganin girmansa kenan. Zuriya 700 a wajen mutum tarihi ne mai tsawo, a wajen bakteriya 'yan watanni ne.

Amma ni babban shaidata colistin ne, don shi ba a ɗakin gwaji abin ya faru ba, a duniyar da muke ciki ne.

Colistin feftayid ne, a Japan aka gano shi ƙarshen shekarun 1940, yana huda fatar bakteriya daidai yadda na faɗa a sama. Likitoci suka yi amfani da shi, suka ga yana taɓa ƙoda yana taɓa jijiyoyi, da aka samu waɗanda suka fi shi sauƙi a shekarun 1970 sai aka jingine shi. Tunda mutane ba sa so, sai ya koma gona, ana zuba shi a abincin aladu da kaji don su yi saurin girma, a China kaɗai dubban ton a shekara. Ana nan ana nan sauran magunguna suka fara gazawa a ɗakunan kulawa ta musamman, dole likitoci suka koma suka kakkaɓo tsohon colistin ya zama makamin ƙarshe, wanda ake ba mara lafiya in komai ya ƙi, ana ba shi ana auna ƙodarsa kullum ana addu'a.

A Nuwamban 2015 masana suka ba da rahoton sun gano wata ƙwayar gado, mcr-1, a bakteriyar jikin aladu a China, da naman kasuwa, da wasu marasa lafiya. Aikinta guda ne: ta rage cajin nagatib ɗin da ke fatar bakteriya yadda colistin ba zai iya mannewa ba. Abin da ya tayar da hankalin kowa shi ne tana kan wani ɗan guntun DNA ne da bakteriya ke miƙa wa juna kai tsaye, ba sai ta haifa ba, har tsakanin jinsi daban-daban. Da aka fara dubawa sai ga ta a ƙasashe da dama a nahiyoyi daban-daban. To jama'a in wannan ba sabawa da feftayid ba ne mene ne?

Ɗan abin farin ciki a labarin, China ta hana sa colistin a abincin dabbobi don ƙara girma daga 2017, Indiya ta hana shi a dabbobin da ake ci a 2019, kuma binciken da aka yi a China bayan hanin ya nuna yawan mcr-1 ya sauka sosai a dabbobi da mutane. Doka tana aiki kenan. Sai dai ihu ne bayan hari, abin ya riga ya zaga duniya.

Akwai kuma wani tsoro da ni ya fi damuna, wanda ba kasafai masu tallan abin ke ambata ba. In bakteriya ta saba da penisilin, mun yi asarar penisilin, mu nemi wani. Amma in maganin kwafin garkuwar jikinmu ne fa? A 2012 wasu masu bincike a Ingila sun nuna cewa bakteriyar Staphylococcus aureus da aka horar har ta saba da pexiganan ta kuma fara jure wa wani feftayid da fararen ƙwayoyin jinin mutum ke fitarwa. A ɗakin gwaji ne, na yarda, kuma jiki yana da makamai da yawa ba wannan kaɗai ba. Duk da haka wannan ba abin da za a ce a bari sai ya faru a gani ba ne, musamman ga waɗanda ake kwaikwayo kai tsaye daga na jikin mutum irin su LL-37.

"To in haka ne a watsar da abin mana, a daina ɓarnar kuɗi"

A'a, ni ban ce haka ba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, sama da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar, sama da na ƙanjamau. Wanda gidansa ke ci da wuta ba ya raina bokitin ruwa. Kuma ga irin bakteriyar nan masu fata ninki biyu da ke addabar marasa lafiya a kan na'urar numfashi, an fi shekara 50 ba a fito da sabon dangin magani a kansu ba.

Sannan feftayid ya riga ya ceci rayuka. Daptomycin misali ne mai kyau na abin da haƙuri ke kawowa: kamfanin Eli Lilly ya fara aiki a kansa a shekarun 1980, ya ga yana lalata tsoka ya ajiye, wani ƙaramin kamfani Cubist ya ɗauka ya gano in aka ba da shi sau ɗaya a rana maimakon a rarraba to illar tana raguwa sosai, aka amince da shi a 2003, yanzu haka ana ceton masu cutar jini da shi. Ko da yake shi ma yana da nasa aibin, a ciwon huhu ba ya aiki, wani ruwa mai santsi da ke cikin huhu ke kashe masa ƙarfi. Ga kuma zosurabalpin na kamfanin Roche da aka bayyana a farkon 2024, shi ba huda fata yake ba, hana bakteriyar Acinetobacter baumannii jigilar kayan gina fatarta ta waje yake, kuma ya kai matakin gwaji a jikin mutane.

Amma a faɗa wa mutane gaskiyar yadda hanyar take. Pexiganan ɗin nan na kwaɗo, an haɗa shi a matsayin kirim na gyambon ƙafar masu ciwon suga, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999. Wani kamfani ya sake ɗauko shi ya kashe kuɗi ya yi babban gwaji, a 2016 sakamako ya fito bai fi kirim ɗin da babu maganin a ciki ba. Murepavadin, wani feftayid da aka ɗora wa buri sosai a kan bakteriyar Pseudomonas, an tsayar da gwajinsa na mataki na uku a 2019 saboda ƙodar marasa lafiya ta fara samun matsala. Dalilan kusan iri ɗaya ne kullum. In ka haɗiye feftayid ciki zai narkar da shi kamar kowane furotin, shi ya sa sai dai allura ko shafawa. In ka sa shi a jini sinadaran jini su daddatsa shi, ƙoda ta tace ragowar cikin ɗan lokaci. Gishirin jiki ma yana rage wa wasunsu kaifi. In ka ce bari ka ƙara yawa don ya yi aiki, sai ya fara fasa jajayen ƙwayoyin jini, tunda abin da ke huda fata ba kullum yake tantance ta wa yake hudawa ba. A faranti cikin ɗakin gwaji kowa gwani ne, sai an gwada akan san na ƙwarai.

"Yanzu ai akwai ƙirƙirarriyar basira"

Akwai, kuma ta yi abin mamaki. A 2024 wata tawaga da ta haɗa da César de la Fuente na jami'ar Pennsylvania ta sa kwamfuta ta tace bayanan ƙwayoyin halittar bakteriya daga ƙasa da teku da cikin mutane, ta fito da feftayid 863,498 da ake zaton za su iya kashe ƙwayar cuta. Suka ƙera 100 suka gwada, 79 suka nuna aiki. Har a ƙwayoyin halittar dabbobin da suka shuɗe sun leƙa, irin giwar nan mai gashi ta zamanin ƙanƙara.

Sai dai matsalarmu ba ta taɓa zama ƙarancin waɗanda za a gwada ba. Tun kafin kwamfuta ta shigo akwai dubbai a rubuce suna jira. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin faranti da gadon asibiti: gwajin guba a dabbobi, gwajin mutane mataki uku, shekaru goma ko fiye, kuɗi na fitar hankali. Kwamfuta ta ƙara tsawon layi ne a bakin ƙofar da ba a faɗaɗa ba. Inda nake ganin za ta yi amfani na gaske shi ne in aka juya ta wajen hasashen wanne ne zai taɓa ƙoda tun kafin a ɓata shekara biyar a kansa.

Maganar tsada

Ana yawan cewa feftayid yana da tsadar ƙerawa, ɗaya bayan ɗaya ake jera amino asid ɗin ana wankewa, hanyar da Bruce Merrifield ya ƙirƙiro a 1963 har ta ba shi kyautar Nobel. Gaskiya ne ya fi ƙwayar magani ta yau da kullum tsada nesa ba kusa ba. Amma ku dubi semaglutide, allurar nan ta ciwon suga da rage ƙiba da duniya ke rububi. Feftayid ce fa. Asalin sinadarin da aka kwaikwaya minti biyu yake a jini ya ɓace, aka zauna aka gyara shi aka liƙa masa jelar kitse har ya koma allura ɗaya a mako, kuma ana ƙera shi wa miliyoyin mutane. Me ya sa aka warware matsalar a can? Saboda mai shan sa zai yi shekaru yana saye.

Antibayotik kuwa kasuwarsa a juye take. Mara lafiya kwana bakwai ko goma zai sha ya warke ya tafi. In kuma sabon maganin yana da kyau sosai likitan kirki zai kulle shi a kabad ne ya ce sai ta ɓaci, kuma daidai ya yi. Kenan iya kyawun maganinka iya ƙarancin cinikinka. Kamfanin Achaogen ya yi shekaru yana aiki, aka amince da maganinsa plazomicin a 2018, kafin shekara ta zagayo a 2019 ya karye. Kamfanin Melinta ma ya bi baya a shekarar. Wane mai jari ne zai ga haka ya sa kuɗinsa a feftayid da ya fi wancan wahalar ƙerawa?

A nan ne haɗarin da nake tsoro yake. Kamfanin da ya sha wannan wahala, ya ga asibiti ba ta saye da yawa, ina zai duba? Gona. Ko kirim na ƙuraje, ko man wanke baki, ko sabulu, duk inda za a sayar da yawa. Kuma in an riga an cusa wa jama'a da 'yan majalisa cewa wannan ai ba a sabawa da shi, wa zai hana? Abin da ya faru da colistin kenan za a maimaita da sabon suna.

Ingila ta gwada wata dabara daga 2022 da nake ganin ita ce hanya: hukumar lafiyarsu ta riƙa biyan kamfani kuɗi tsayayye duk shekara, har fam miliyan 10 a kan kowane magani a gwajin farko, ko an yi amfani da kwalba goma ko dubu goma. An raba riba da yawan ciniki, kamfani ba shi da dalilin tura 'yan talla su matsa wa likitoci. A Amurka an sha gabatar da ƙudurin doka makamancin wannan mai suna PASTEUR a majalisa, shekara da shekaru yana ta jan ƙafa. Ƙasa ɗaya kuwa ba za ta iya ɗaukar nauyin kasuwar duniya ita kaɗai ba.

"Kulle magani ai talaka za a cuta"

Wannan ce hujjar da ta fi min nauyi, kuma ba zan yi kamar ina da cikakkiyar amsarta ba. Gaskiya ne a wurare da yawa a duniya yara na mutuwa da ciwon huhu don kawai ba su samu amoxicillin ba, ba don ya daina aiki ba. In ka ce sai da takardar likita a inda likita ɗaya ke duba dubban mutane, ka san wa ka rufe wa ƙofa.

Amma a duba wane irin magani muke magana a kai. Sabon feftayid kusan tabbas allurar jijiya ce, ga wanda ke kwance a asibiti, wanda aka ɗebi jininsa ko majinarsa aka raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji aka ga sauran magunguna sun gaza, kuma dole a riƙa auna ƙodarsa. Ba abin da za a sha a gida don ciwon maƙogwaro ba ne. Talaka ba sakin sa a kasuwa yake buƙata ba, abin da yake buƙata asibitin da ke kusa da shi ya samu ɗakin gwajin da zai gane ƙwayar da ke damunsa, kuma maganin ya iso wannan asibitin a farashin da za a iya biya maimakon ya tsaya a ƙasashe masu kuɗi shekara goma. Ƙungiyar GARDP, mai aikin samar da sababbin antibayotik ba don riba ba, ta fara wani abu irin wannan a 2022 da ta karɓi lasisin wani antibayotik mai suna cefiderocol daga kamfanin Shionogi don a samar da shi a ƙasashe 135.

Kuma ai yawancin binciken feftayid ɗin nan da kuɗin jama'a ake yin sa, a jami'o'i, da tallafin gwamnatoci da asusu irin CARB-X da aka kafa a 2016. Wanda ya biya kuɗi yana da bakin magana. A rubuta a cikin takardar tallafin tun kafin a saki ko sisi: in maganin ya fito ba gona, ba sabulu, ba man wanke baki, za a riƙa bibiyar ƙwayoyin da suka fara jure masa tun daga asibitin farko, za a gwada ko yana sa bakteriya jure wa garkuwar jikin mutum, sannan za a ba da lasisi mai sauƙi ga ƙasashen da ba su da ƙarfi. Kamfanin da bai yarda ba ya je ya nemi kuɗinsa a wani wajen.